Gwanintar Zaɓa wa Motar Turbo Ƙwaƙwalwar da Ta Dace da Ita

A shekarar 1993 kamfanin Toyota ya fito da samfurin Supra na huɗu, ɗauke da injin da ake kira 2JZ-GTE. Inji ne mai lita 3 da silinda shida a jere, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe, da ƙananan turbo guda biyu masu kama aiki ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka kai kasuwar Amurka ƙarfin doki 320 gare ta. Ba a daɗe ba masu sha'awar gudu suka gane cewa gangar nan za ta iya ɗaukar ninkin wannan ƙarfi ba tare da an taɓa fistin ko karanshaf ba. Sai aka shiga kwance ƙananan turbon nan biyu ana ɗaura babba guda ɗaya. Har gobe ana wannan aiki a Japan da Amurka da Ostireliya da ƙasashen Larabawa.

Sai dai a kan samu motoci biyu da aka yi wa aiki iri ɗaya: turbo iri ɗaya, nozul iri ɗaya, kuma a gidan mai ɗaya suke shan mai. Ɗaya ta shekara da shekaru tana hidima, ɗayar kuwa ko wata ba ta rufa ba fistinta ya narke. Bambancin yana cikin wani ɗan akwati da ke ɓoye a ƙarƙashin dashbod, wato ƙwaƙwalwar mota, da kuma hannun da ya zaɓe ta ya saita ta. Wannan mutum, mai saitin inji, shi ne gwanin da ba a cika ambata ba idan ana yabon mota. Ana yabon turbo don ana ganinsa yana ƙyalli idan an buɗe bonet. Aikin mai saiti kuwa lambobi ne a cikin kwamfuta, amma a kansu rayuwar injin ta rataya.

Abin da babban turbo ke sauyawa

Ƙarfin injin fetur ya dogara ne da yawan iskar da ya shaƙa, domin sai da iska mai ke ƙonewa. Turbo dabara ce ta cusa wa inji iskar da ta fi wadda zai iya zuƙa da kansa, kamar yadda zugazugin maƙeri ke sa gawayi ya yi zafin da ba zai yi ba in an bar shi haka nan. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata farfela, ita kuma tana kan sanda ɗaya da wata farfelar da ke danna iska cikin inji. Sandar nan takan wuce juyi 100,000 a minti guda, hayaƙin da ke kora ta kuma zafinsa kan kai digiri 900.

Matsin iskar da muke shaƙa a bakin teku kusan bar 1 ne. Idan turbo ya ƙara wani bar 1 a kai, iskar da ke shiga silinda ta kusa ninkawa, don haka dole mai ma ya ninka. Fetur na ƙonewa tsaf idan an haɗa nauyin iska 14.7 da nauyin mai 1. Amma lokacin da turbo ke tura iska da ƙarfi, masu saiti sukan ƙara mai har a koma wajen 11.5 ko 12 zuwa 1, saboda rarar man nan tana sanyaya cikin silinda. Idan mai ya gaza a irin wannan lokaci, zafi ya hau, bawul da fistin su ne za su biya bashin.

Bayan mai sai lokacin tartsatsin filogi. Wuta ba ta cinye mai nan take, don haka ake kunna ta tun kafin fistin ya kai ƙololuwa, yadda ƙarfin turin zai sauka a kansa jim kaɗan bayan ya fara gangarowa. In an makara, an yi asarar ƙarfi kuma hayaƙi ya ƙara zafi. In an yi gaggawa, sauran man da ke gefen silinda sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi. Wannan fashewa ita ce ƙwanƙwasar da ke fasa gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙona gaskit na kan inji. A injin da ke ƙarƙashin matsin turbo, 'yan daƙiƙu na ƙwanƙwasa mai tsanani sun isa su gama da shi.

Duk wannan lissafi cikin ƙiftawar ido ake yin sa. Injin silinda shida da ke juyi 6,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 300 a kowace daƙiƙa, kowanne a kan lokacinsa, kowanne da ma'aunin mansa. Shi ya sa tarihin turbo a motocin haya da na gida ya yi jiran lantarki. Oldsmobile Jetfire ta 1962, ɗaya daga cikin motocin turbo na farko a kasuwa, sai da aka yi mata tankin ruwa da metanol don hana ƙwanƙwasa, kuma bayan shekara biyu aka daina ƙera ta. Al'amarin ya daidaita ne bayan Bosch ya fito da Motronic a 1979, wadda ta haɗa lissafin mai da na filogi a kwamfuta ɗaya, sannan Saab ya kawo tsarin APC a farkon shekarun 1980, mai sauraron ƙwanƙwasa ya rage matsin turbo da kansa.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar da kamfani ya sa wa mota ba ta san komai ba sai injin da aka haife ta da shi. A cikinta akwai jadawalai: idan juyi ya kai kaza, nauyin aiki ya kai kaza, a ba da mai kaza, a kunna filogi a digiri kaza. Da zarar an ɗaura babban turbo, injin ya shiga yankin da babu shi a jadawalin. Sensar da ke auna iska a motoci da yawa ba ta wuce bolt 5, in ta kai nan ta ƙure, ko da iska na ci gaba da ƙaruwa. Nozul ɗin Supra ta Amurka masu cc 550 ba za su iya ciyar da doki 600 ba. Ita kanta ƙwaƙwalwar, in ta ga matsi ya haura iyakar da aka yi mata, sai ta yanke mai don ta kare injin. Dole ne a koya mata sabon karatu, ko a kawo wata.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce a bar ƙwaƙwalwar kamfani a inda take, a sake rubuta jadawalanta. Tun 1996 kowace mota da ake sayarwa a Amurka tana da soket ɗin OBD-II a kusa da sitiyari, kuma ta nan ake shiga a motoci da yawa. Masu Subaru WRX suna da Cobb Accessport da EcuTek, masu Honda suna da Hondata, masu motocin GM da Ford suna da HP Tuners, masu Mitsubishi Lancer Evolution kuma sun daɗe suna amfani da manhajar EcuFlash. Amfanin wannan hanya babba ne. Injiniyoyin kamfani sun kai motar cikin ƙanƙarar arewacin Suwidin da zafin hamadar Amurka, sun daidaita yadda za ta tashi da asuba, yadda za ta tsaya cak a danja da iyakwandishan a kunne, yadda za ta yi magana da giya da birki. Wanda ya sake rubutu ya gaji wannan aikin duka kyauta, sai dai ya gyara ɓangaren da turbo ya sauya. Iyakarta ita ce ba kowace ƙwaƙwalwa ke buɗuwa ba. Ta Supra ta shekarun 1990 tana cikin waɗanda ba a iya sake musu rubutu ta soket, dalilin da ya sa masu ita suka nemi wasu hanyoyin tun da wuri.

Hanya ta biyu ita ce ɗan goyo: ƙaramin akwati da ake sa wa tsakanin sensoci da ƙwaƙwalwa, yana sauya saƙon kafin ya isa. Apexi SAFC da GReddy e-Manage sun yi tashe a motocin Japan, JB4 kuma ya shahara a BMW masu injin N54. Yana da araha, yana da sauƙin cirewa, kuma ga ƙaramin ƙari yana iya wadatarwa. Amma a nan ne ake gane wanda ya san aikin. A ce an sa manyan nozul, ana so a rage lokacin buɗewarsu don kada mai ya yi yawa. Ɗan goyo na tsohon yayi zai cim ma haka ne ta hanyar gaya wa ƙwaƙwalwa cewa iskar da ke shiga ba ta kai yadda take ba. Mai zai daidaita, gaskiya ne. To amma ƙwaƙwalwar da ta yarda cewa nauyin aiki kaɗan ne za ta koma layin jadawalin da ke kunna filogi da wuri, a daidai lokacin da injin ke buƙatar a jinkirta masa. An gyara mai, an ɓata wuta. Gwani yana hango wannan tun kafin ya yanke waya ɗaya.

Hanya ta uku ita ce a cire ta kamfani gaba ɗaya a sa ƙwaƙwalwa mai zaman kanta. Ostireliya ta yi fice a nan: Haltech da aka kafa a Sidni a 1986, da MoTeC ta Melbon. Akwai Link ta Niyu Zilan, da ECUMaster ta Folan, da MegaSquirt da Bruce Bowling da Al Grippo suka fitar a Amurka don mai son haɗa tasa da hannunsa. Irin wannan tana ba mai saiti iko a kan komai. Zai iya watsar da sensar auna iska ya koma lissafi da matsi da zafin iska da juyin inji. Zai iya tsara matsin turbo giya-giya, yadda taya ba za ta yi ta murza a banza a giya ta ɗaya da ta biyu ba. Zai iya sa sensar da ke gane yawan etanol a cikin tanki, domin man E85, mai yawan etanol, yana jure ƙwanƙwasa sosai amma yana buƙatar ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 a yawan da ake fesawa. Farashin wannan 'yanci shi ne ƙwaƙwalwar tana zuwa kusan fanko. Tashin sanyi, tsayuwar inji, fankar lagireto, agogunan dashbod, makullin hana sata, duk sai an gina su ɗaya bayan ɗaya. A sabbin motoci, inda inji da giya da birki ke hira ta layin CAN, kuma ake fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsin da ke kai bar 200, cire ƙwaƙwalwar kamfani aiki ne da ba kowa ke fita daga cikinsa lafiya ba.

Tambaya kafin kasuwa

Abin da ya fi burge ni game da ƙwararrun masu saiti shi ne ba sa fara magana da sunan kamfani. Da tambaya suke farawa. Motar nan ta zuwa aiki ce kullum, ko ta filin tsere ce da ake kai wa a bayan tirela? Wane mai za ta riƙa sha, kuma ana samun sa a duk inda mai ita ke zuwa? Ƙarfi nawa ake nema, kuma kuloci da giya da famfon mai za su ɗauka? Giyar ta hannu ce ko otomatik? Me dokar ƙasar ta ce? A Amurka dokar tsabtar iska ta hana taɓa na'urorin rage gurɓataccen hayaƙi a motar da ke hawa titi, a Jamus kuma sauyi irin wannan sai an duba shi an shigar da shi takardun mota.

Daga amsoshin ne zaɓi ke fitowa, kuma sau da yawa ba mai tsada ba ne. Mai WRX da ya ɗan ƙara girman turbo kuma yana kai yara makaranta, gwani zai ce masa ya bar ƙwaƙwalwar kamfani a sake mata rubutu, ya kashe ragowar kuɗin a kan nozul da famfon mai da lagireton sanyaya iska. Mai tsohuwar Supra da ke neman ninkin ƙarfinta, za a gaya masa gaskiya cewa ɗan goyo ba zai kai shi ba, araha ba ta ado. Akwai kuma ƙa'idar da kusan duk masu wannan sana'a suka yarda da ita: a fara zaɓar mai saiti, sannan a sayi ƙwaƙwalwar da ya ƙware a kanta. Matsakaiciyar na'ura a hannun wanda ya san lungu da saƙonta ta fi mafi tsada a hannun mai koyo a kan injinka.

A kan na'urar gwaji

Ranar saiti, gwani ba ya fara da kwamfuta. Yakan gwada matsin kowace silinda, ya danna iska cikin bututan turbo ya ga ko akwai inda ke yoyo, ya duba filogi da tazarar bakinsu, ya auna matsin mai. Yana kuma haska karanshaf da fitilar saiti don ya tabbatar digiri 10 da kwamfuta ke nunawa digiri 10 ne a jikin inji. In nan ya kuskure da digiri uku, duk jadawalin da za a gina a kai ya karkace. Ya san lambobi ba sa gyara injin da ke da ciwo.

Daga nan a ɗaure motar a kan daino, wato na'urar da tayoyi ke juya manyan ganguna ana auna ƙarfinsu. A salansa an soka sensar iskar oksijin mai faɗin awo, irin su Bosch LSU 4.9, domin ta kamfani ta tsohon yayi ba ta iya faɗin komai sai cewa an wuce 14.7 ko ba a kai ba. Ana farawa da ƙaramin matsi, da wuta a jinkirce, da mai a yalwace. Sai a bi jadawali gida-gida: tsayuwa, tafiyar cikin gari, tafiyar babbar hanya. Wannan ɓangaren ba ya jan 'yan kallo, amma a cikinsa mota ke yin mafi yawan rayuwarta, kuma a nan ake bambanta motar da ke da daɗin tuƙi da wadda ke fizga tana mutuwa a mahaɗa.

Idan aka zo ga cikakken totur, sai ka ga ya sa wani abin sauraro a kunne, wanda aka haɗa da jikin inji. Ƙwanƙwasa tana da muryarta. A silinda mai faɗin milimita 86 irin ta 2JZ takan fito a wajen kilohaz 6 zuwa 7, kuma a cikin rugugin inji kunnen da ya saba yana tsinto ta. Yana ƙara wuta digiri ɗaya, ya duba ko ƙarfi ya ƙaru. Muddin yana ƙaruwa sosai, ya ci gaba. Da ya ga ƙarin ya fara raguwa, ko ya ji alamar ƙwanƙwasa, sai ya tsaya ya ja da baya. Yana kuma lura da nozul. A juyi 6,000 kowace nozul tana da kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa ta gama aikinta, kuma masu hankali ba sa son ta wuce kusan kashi 85 cikin 100 na wannan lokaci a buɗe. In ta kai nan, maganar ƙarin matsi ta ƙare sai an sauya ta.

Wurin da ya fi hatsari shi ne inda babban turbo ke farkawa. Ƙaramin turbo yana kama aiki da wuri a hankali; babba yakan yi jinkiri, sannan ya zo gaba ɗaya a tsakiyar juyi. A nan matsin cikin silinda ya fi yawa, a nan sandar fistin ke lanƙwasa. Gwani yana sassauta wannan tudu da gangan: ya buɗe ƙofar da ke sakin hayaƙi ba tare da ya bi ta turbo ba kaɗan, ya jinkirta wuta, ya bar ƙarfin ya hau a jere har sama.

Sanin inda za a tsaya

Kowa zai iya fitar da babbar lamba sau ɗaya, da sanyin safiya, da mai mai kyau, da fanka na hura lagireto. Mota kuwa ba a ɗakin gwaji za ta zauna ba. Iskar da turbo ya matse takan haura digiri 100 kafin ta bi ta lagireton sanyaya ta, kuma in an daɗe a cunkoso lagireton ma ya ɗau zafi. Saboda haka mai saiti na ƙwarai yana rubuta wa ƙwaƙwalwa abin da za ta yi a ranar wahala: in iskar shiga ta yi zafi a jinkirta wuta, in ruwan inji ya hau a rage matsi, in matsin fetur ko na baƙin mai ya faɗi a yanke ƙarfi nan take, in mai ya gaza ana cikin totur a rufe totur ɗin. Yakan bar doki 20 ko 30 a ƙasa da saninsa. Mai mota na iya jin haushin lambar da ya gani a takarda, amma waɗannan dawakan da aka bari su ne kuɗin inshorar injin.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin turbo ya daina zama na motocin tsere kawai. Yana cikin ƙananan motocin gida da yawa da ake shigowa da su yanzu. Motar da aka saita a Japan a kan mai mai oktan (ma'aunin juriyar ƙwanƙwasa) kusan 100, ko a Turai a kan 98, ba a yi lissafinta da zafin Afrilu na Kano ko Maraɗi ba, inda ake haura digiri 40, ba a kuma yi shi da man da ingancinsa ke sauyawa daga gidan mai zuwa gidan mai ba. Hawa tudun Jos ma, mai tsayin kusan mita 1,200, yana sa turbo ƙara juyi kafin ya kai matsin da ya saba. Fayil ɗin saiti da aka sauke daga intanet bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kanikawanmu da masu aikin wayar mota sun riga sun nuna basira: mutanen da suka tashi a kan kafireto suka koyi nozul, suka koyi karanta kwamfutar gano matsala, ba za su gagara koyon jadawalin mai da wuta ba. Abin da ake buƙata shi ne sensar auna hayaƙi mai kyau, da haƙurin karanta bayanan da mota ke tarawa, da ɗabi'ar sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Matasan da ke gareji su nemi wannan ilimi, domin motocin da ke tafe nasa ne. Kai kuma mai mota, kafin ka biya kuɗin babban turbo, nemi wanda zai saita shi, ka tambaye shi wace ƙwaƙwalwa ya sani, ka ware kuɗinsa tun farko. In ya ce maka a tsaya nan, to a tsaya.